RA'AYI: Dakta Wane, Ɗakin Ajiya Na Jos Da Ruwan Alau

A Maiduguri ba sai an yi wa mutum dogon bayani ba kafin ya fahimci akwatin nan da Turawan BBC suka ƙago a 1963, wanda cikinsa ya fi wajensa girma. Tun da aka haramta haya da babur a birnin a 2011, Keke Napep ke nuna wannan abin al'ajabi kullum tsakanin Kasuwar Monday da Tashar Bama. Daga waje wurin mutum uku ne. Idan ya tsaya kuwa, sai a ga mutum biyar sun sauko, ga buhun gawayi, ga jarkar mai, ga yaro rungume da zakara, direba kuma yana ta leƙe ko akwai mai tafiya. Bambancin kawai shi ne akwatin Turawa yana ratsa zamani, ya kwana a jiya ya wayi gari a jibi, shi kuwa keke iyakarsa shataletale.

Sunan akwatin TARDIS, mai shi kuma wani matafiyi ne da ba a taɓa jin sunansa na yanka ba, sai dai a ce Dakta. Daga nan shirin ya samo sunansa, Doctor Who, wanda da Bahaushe ne ya raɗa masa, da Dakta Wane zai ce. Fiye da shekara sittin ke nan yana amsa wannan laƙabi ba tare da wani ya tambaye shi jami'ar da ta ba shi ba, abin da ba zai ɗaure wa ma'aikacin Abuja kai ba. Wasu daga cikin daraktocin da ke shirin ritaya a yau suna tuna shi a akwatin talabijin na NTA, da dogon mayafin wuyansa, da abokan gabarsa masu kama da garwar shara da aka sa wa taya.

Akwai wani labari guda daga cikin labaran shirin da Arewacin Najeriya ke da haƙƙi a kansa fiye da Landan, domin da ba don Arewa ba, da babu mai kallonsa a yau. A watan Oktoban 2013 BBC ta sanar da cewa an gano kashi tara na shirin waɗanda aka daɗe da fidda rai da su. Ba a wani babban gidan tarihi aka same su ba. A kan kanta aka tarar da su, cikin ɗakin ajiya na wata tashar talabijin a Jos. Wani Bature mai farautar tsofaffin finafinai, Philip Morris, shi ya bi sawun takardun jigila har ya isa ɗakin, ya hangi gwangwanayen fim da sunan shirin manne a jikinsu. A ranar adadin kashin da suka ɓata ya sauko daga 106 zuwa 97, masoya shirin a Ingila kuwa suka kwana suna murna kamar an sako musu ɗan'uwa daga kurkuku. Biyar daga cikin taran sun cike giɓin labarin da ake kira The Enemy of the World, wato Maƙiyin Duniya, wanda aka nuna a kashi shida daga Disamban 1967 zuwa Janairun 1968.

Yadda aka yi suka ɓata ya fi yadda aka same su ban dariya. BBC ce da kanta ta share su. A wancan zamani faifan ɗaukar hoto yana da tsada, don haka idan an nuna shiri sai a goge a ɗora wani a kai. Da talabijin mai launi ta shigo, sai aka ga baƙi-da-fari ya zama tsohon yayi da ba mai saya, ga kuma ƙarancin wurin ajiya, aka shiga zubar da kwafin da suka rage. Kowane mataki yana da hujjarsa, kowace hujja kuma tana da sa hannun wani jami'i mai hankali da ke ganin yana yi wa hukuma tsimi. Sai a 1978 aka farga aka tsayar da ɓarnar. Amma kafin nan an riga an sayar wa tashoshin ƙasashen renon Ingila kwafi a kan fim, tasha ta nuna ta miƙa wa ta gaba, daga ƙasa zuwa ƙasa, bisa sharaɗin cewa ta ƙarshe ta mayar ko ta lalata. Kwafin ya iso Jos a tsakiyar shekarun 1970. Ba a mayar ba, ba a lalata ba. Wani bawan Allah ya ɗora a kanta, ya ja ƙofa, kuma sanyin Filato ya yi sauran aikin har kusan shekara arba'in. Da Maiduguri aka turo gwangwanayen, da zafin Afrilu ɗaya ya ishe su su zama alewa.

To, me ke cikin labarin? TARDIS ta sauka a bakin teku a Ostireliya. Dakta, wanda Patrick Troughton ke fitowa a matsayinsa a lokacin, ya tuɓe ya bar dogon wandon ciki, ya ruga cikin ruwa yana tsalle kamar yaron da ya ga ruwan farkon damina, abokan tafiyarsa Jamie da Victoria suna kallonsa da kunya. Kafin ya bushe, wasu mutane suka taso masa da harbi daga cikin wani jirgi mai shawagi tsakanin ruwa da yashi. Wata mata mai suna Astrid ta tsamo su da jirgi mai saukar ungulu, a nan ne kuma Dakta ya ji laifinsa: kamarsa ɗaya sak da Salamander, mutumin da ya fi kowa ƙarfi a duniyar shekarar 2018.

Troughton ɗin ne dai ya sake fitowa a matsayin Salamander. Aka taje masa gashi, aka shafa masa abin da ya ɗan duhunta fatarsa, ya ɗauko wani karin harshe da aka ce na Meziko ne, wanda da wuya a sami ɗan Meziko da zai amsa shi. Salamander ya ƙirƙiro tauraron ɗan'adam mai tara hasken rana ya sauke shi a gonakin da suke buƙata, yunwa ta kau, jama'a suka ɗauke shi mai ceto. An raba duniya shiyya-shiyya, kowace da shugabanta, kai ka ce daga Najeriya aka aro kwamitin rabon muƙamai. Bayan ciyar da duniya kuma, Salamander yana da wata baiwa: idan ya ce girgizar ƙasa ko ambaliya za ta auka wa wata shiyya, sai ta auka. Shugaban da bai ji gargaɗi ba sai a tsige shi, a naɗa yaron Salamander. Sunansa ma na wata halitta ce mai kama da ƙadangare, kuma ƙadangaren bakin tulu ne na gaske: a kashe shi a fasa tulun abincin duniya, a bar shi ya ɓata ruwa.

Ɗan Maiduguri da ya ji zancen tara rana a sama zai yi murmushi. Garin da rana ke kwana a jikin bango ba ya neman ƙari. A 2021, lokacin da 'yan tada ƙayar baya suka tarwatsa turakun lantarkin da ke kan hanyar Damaturu, birnin ya shafe watanni cikin duhu, kuma mutanensa suka koyi kama rana da faranti a kan rufin kwano ba tare da sun yi wa wani Salamander mubaya'a ba. Bazazzagen da ke kallo kuma zai dakatar da fim ɗin a daidai inda aka ambaci sunan cibiyar da Salamander ke ƙulla makircinsa, Kanowa, ya ce dama ya yi zargi. Don a yi adalci, Kanowar nan a Ostireliya take, Kanawa ba su da hannu.

Marubucin labarin, David Whitaker, ya yi kuskure a abubuwa da dama game da 2018. Bai hango wayar hannu a aljihun kowa ba, balle WhatsApp, wanda da shi kaɗai ya isa ya gama labarin a kashi na biyu. Amma ya dace da abu guda da ko boka bai isa ya hango ba. A 2018 ɗin ne jita-jita ta cika Najeriya cewa an musanya Shugaban Ƙasa da wani mai kama da shi, wai Jubril daga Sudan, har sai da marigayi Muhammadu Buhari ya tsaya a gaban 'yan Najeriya mazauna Polan a watan Disamba ya tabbatar musu cewa shi ne da kansa. A shekarar ce kuma aka ji labarin macijin da aka ce ya haɗiye Naira miliyan 36 a wani ofishin tarayya a Makurdi. Da Whitaker ya kai wa BBC wannan, da sun ce ya rage gishiri, yara ne ke kallo.

Sai dai abin da ya fi dacewa da masu aiki da fayil shi ne tarihin kashi na uku. Shekara da shekaru shi kaɗai ya rage a hannun BBC daga cikin shida, kuma tsautsayi ya sa shi ne mafi sanyi. A cikinsa ne aka kama Denes, shugaban shiyyar tsakiyar Turai, babban mutum guda, aka zaunar da shi kan kujera a baranda. Da shugaban tsaro ya tambayi dalili, sai mai gadi ya ce ai nan ya fi sauƙin tsaro. Masoya shirin sun daɗe suna zargin cewa kuɗin gina ɗakin kurkuku ne ya ƙare wa masu shirya fim. Duk wanda ya taɓa yini a barandar sakatariya yana jiran maigida ya fito daga taro ya san irin wannan tsarewar, ya kuma san ba ta buƙatar ƙofa. Wani ɓangare na kashin kuma a kicin aka yi shi, wurin wani kuku mai suna Griffin wanda bai taɓa ɗora tukunya yana fatan alheri ba. Kullum a bakinsa abincin zai lalace, za a kore shi, in ma ya fita shan iska ruwa ne zai sauko.

Da wannan kashi ɗaya, da muryoyin da masoya suka naɗa a rikoda daga akwatunansu, aka yanke wa labarin hukunci na fiye da shekara arba'in: mai sanyi ne, babu dodo, baranda da kicin kawai. Da gwangwanayen Jos suka isa Landan, aka ga teku da jirage da fuskar Troughton tana sauyawa daga wasa zuwa mugunta cikin ƙiftawar ido, sai hukuncin ya kife. Labarin da ake yi wa dariya ya shiga sahun waɗanda ake yabo. Masu sharhin ba ƙarya suka yi ba, shafi ɗaya suka karanta daga fayil mai shafi shida, suka rubuta ra'ayinsu da jan biro, na baya kuma suka yi ta kwafa. Hadimin da ke taƙaita wa minista rahoto mai shafi ɗari a rabin takarda, kashi na uku yake miƙa masa, kuma a kansa za a sa hannu.

Idan aka kalli labarin gaba ɗaya, sai a ga ashe ba na Dakta ba ne, ba kuma na Salamander ba. Labarin hadimai ne. Ga Fedorin, mataimakin Denes, wanda aka nuna wa wani fayil da aka haɗa a kansa, gwiwarsa ta yi sanyi, ya yarda ya ci amanar maigidansa don ya gaji kujerar. Da ya kasa zuba gubar da aka ba shi, shi aka shayar. Ga Benik, mai biyayyar da ta wuce umarni, irin wanda idan aka ce ya kira mutum sai ya kawo shi a ɗaure. Ga Giles Kent, jagoran adawa mai zafin baki, wanda ya ja Dakta cikin rigimar, daga ƙarshe ta bayyana cewa tare da shi aka haƙa ramin, kujerar kawai yake so. Wannan ba sai an fassara wa mazaunin Abuja ba. Ga kuma Fariah, mai ɗanɗana wa Salamander abinci, wadda Carmen Munroe 'yar asalin Guyana ta fito a matsayinta. Sunanta ya yi kama da fariya, amma ita kaɗai ce a gidan ba ta da ita. Ita ce ta sace fayil ɗin Fedorin don ta tona yadda ake sarrafa manya, ta kuma biya da ranta.

Sirrin Salamander kuwa, a ina ya ɓoye shi? A ƙarƙashin ɗakin ajiye bayanai. Yakan shiga ya kulle ƙofa, ya ce kada a dame shi, kuma ba mai damunsa, domin ko a 2018 ta almara babu mai sha'awar shiga rajista. Daga nan wata na'ura ke sauke shi can ƙarƙashin ƙasa, inda ya tsare mutane kimanin talatin har shekara biyar. Ya gaya musu an yi yaƙin nukiliya, sama ta gurɓace, duk wanda ya fita zai mutu. Yakan sauko musu a galabaice da kwalayen abinci, kamar wanda ya sha wuya dominsu, su kuwa suna sarrafa injinan da ke haddasa girgizar ƙasa da ambaliya, a zatonsu abokan gaba suke yaƙa. Mutanen kirki ne masu ƙwazo, suna zuwa aiki a kan lokaci. Abin da ba su da shi kawai shi ne hanyar bincika abin da aka gaya musu.

Abin da ya rushe wannan daula ba bindiga ba ce. A wannan zango na shirin, wannan ne kaɗai labarin da babu dodo a cikinsa, kuma takarda ce ta yi aikin da makami ke yi a sauran. Shugaban mutanen ramin, Swann, ya tsinci yagaggen shafin jarida manne a jikin kwalin abinci, mai ɗauke da labarin nutsewar wani jirgin ruwan 'yan yawon shaƙatawa. Ya tsaya ya yi tunani: duniyar da aka ce ta ƙone, wa ke yawon shaƙatawa a cikinta? A sama kuma, Dakta ya shiga cibiyar a matsayin Salamander, aka kawo masa takardun kayan abinci ya sa hannu. Maimakon ya rattaba ya miƙa, sai ya karanta. Ya tambayi Donald Bruce, shugaban tsaro, mutum nawa ke aiki a wurin. Bruce ya lissafa goma sha biyu. To, don me ake sayen abincin mutum talatin? A Najeriya an saba da ma'aikatan bogi masu cin albashi ba su nan. Waɗannan suna nan, sunansu ne babu. Bruce mutum ne mai taurin kai, mai biyayya ga ofishinsa, amma da lissafi ya ƙi fita sai ya bi lissafi ya bar maigida. Shi ne gwarzon labarin, ko da yake ba shi ake sa wa a hoton talla ba.

A nan ne dariyar mai kallo a Maiduguri ke raguwa. A 2013, shekarar da aka sanar da gano fim ɗin, an kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa a watan Mayu, aka katse layukan waya. Mutanen birnin sun ɗanɗana zaman da ba ka san abin da ke faruwa a unguwar da ke kusa ba sai abin da aka ga damar gaya maka. Ba sai an yi musu bayanin halin da Swann ke ciki ba.

Sai kuma daren 9 ga Satumba, 2024, wayewar 10 ga wata. Madatsar ruwa ta Alau, wadda aka gina a kan kogin Ngadda a tsakiyar shekarun 1980, ta kasa riƙe abin da ke bayanta. Ruwa ya shiga Fori da Gwange, ya mamaye Kasuwar Monday, ya kai fadar Shehu, ya shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Katangar gidan yari ta faɗi, fursunoni fiye da 270 suka fice. Gidan namun daji na Sanda Kyarimi ya nutse, aka gargaɗi jama'a su yi hattara da kadoji da macizai. Ɗaruruwan dubban mutane suka bar gidajensu, wasu kuma ba su fito ba. Babu marubucin almara da zai haɗa waɗannan duka a kashi ɗaya.

Da a ce akwai Salamander a Alau, da abin ya zo da sauƙi. Da an sami mutum ɗaya mai baƙin karin harshe, a kama shi, a huta. A fim, bala'i yana da fuska da suna. A zahiri kuwa yakan rarrabu a kan tebura da yawa, kowane tebur da ɗan guntunsa, kowane guntu da uzurinsa, kamar dai yadda jami'an BBC suka share tarihinsu ba tare da ko ɗayansu ya yi niyyar ɓarna ba. Madatsar tana ƙarƙashin Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi, wato ta tarayya ce, takardunta kuma suna bi ta teburan Abuja. Kuma ba wannan ne karo na farko ba: a 1994 ruwan Alau ya taɓa cin Maiduguri.

Tsakanin 1994 da 2024 shekara talatin ne. Ƙa'idar aikin gwamnati kuwa shekara 35 ce, ko cika shekara 60 da haihuwa. Ma'ana, injiniyan da ya tsaya a bakin madatsar a 1994 yana da ƙwarewar gane abin da idonsa ya gani, ya riga ya karɓi takardar sallama kafin ruwan ya dawo. Wanda ke kan kujerarsa a 2024 wataƙila yana firamare a wancan lokaci. Bala'in da ke zagayowa sau ɗaya a tsawon rayuwar aiki, ba mutum ke tuna shi ba, fayil ne. Idan fayil ɗin ya cika, aka kuma karanta shi daga bangon farko, sabon jami'i zai gaji idon wanda ya gabace shi. Idan kashi na uku kawai ya rage, sai ya duba ya ga baranda da kicin, ya rubuta cewa babu abin damuwa.

A farkon 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da Naira biliyan 80 don sake gina madatsar. Kuɗi ne mai yawa, kuma birnin ya cancanci a kashe masa. Amma kankare yana da shekarunsa, waɗanda suka zuba shi ma suna da nasu. Wanda zai tsaya a bakin Alau a 2054 yanzu haka yana wasan ƙasa. Abin da zai gada shi ne zanen ginin, da rahoton kowane duba, da ma'aunin ruwan kowace damina, da takardar da wani ƙaramin injiniya ya rubuta yana cewa ya ga tsaga, ko da maigidansa bai ji daɗinta ba. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta wajabta wa hukumomi adana bayanansu, ta kuma tanadi ɗauri ga wanda ya lalata su da gangan. Sai dai doka ba ta hana gara, ba ta hana ɗigar rufi, ba ta kuma hana a tura mafi rauni a ofis zuwa rajista a matsayin horo.

Talakan Gwange ya riga ya san darajar takarda ta hanya mafi ɗaci. Ruwa ba ya bambanta katifa da takardar shaidar makaranta, ko takardar fili, ko wasiƙar ɗaukar aiki ta farko, wadda ake nema daga tsoho ɗan fansho a ranar tantancewa. Idan tasa ta jiƙe, fatansa ɗaya ne, a ce kwafin da ke ofis yana nan. Jami'in da zai ce masa ya je ya kawo ta asali, alhali ta asalin ta bi Ngadda, ya zaunar da shi ne a barandar Denes.

Wani zai ce ai labarin Jos yabon sakaci ne, tunda rashin bin umarni ne ya ceci fim ɗin. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma a nan dariyar take. Amma a duba da kyau: gwangwanayen suna da suna a jiki, suna tare wuri ɗaya, suna kan kanta ba a ƙasa ba, akwai kuma takardun jigila da suka nuna inda suka nufa. Wanda ya ajiye su bai san darajarsu ba, amma ya ajiye su kamar suna da ita. Ragowar kuma sa'a ce, ba a kuwa gina madatsa a kan sa'a.

Ba kayan Turawa kaɗai ke kwance a irin waɗannan ɗakuna ba. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana ɗaukarsa ɓatacce, sai a 2016 aka tsinto shi cikin tarin tsofaffin gwangwanaye a Legas. A Jamus aka gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018, shekarar Salamander. Dakta Wane yana da dubban masoya masu kuɗin jirgi da za su bi sawunsa har Filato. Samanja da Karkuzu da Ƙasimu Yero kuwa duk sun riga mu gidan gaskiya, kuma ya kamata wani mai ofis ya iya faɗa, da lamba da kanta, inda faifan kowane wasa da suka yi wa tashoshin gwamnati yake.

Yanzu ana ta kiran ma'aikatu su bar takarda su koma kwamfuta, kuma abu ne mai kyau. A dai tuna cewa faifan da BBC ta goge shi ne sabuwar fasahar zamaninsa, tsohon gwangwanin da aka raina kuma shi ya tsira. Kafin a kira mai gwangwan ya kwashe tsofaffin fayiloli don an ce an ɗauki hotonsu, a tabbata an ɗauka har shafin ƙarshe, a kuma tabbata ba a kwamfutar mutum ɗaya suke ba, wanda zai yi ritaya da lambar sirrin a kansa.

Ko a Jos ma ba a tsira duka ba. Labari na biyu da aka samu a kantar, The Web of Fear, ya isa Landan da giɓi. Morris ya faɗa daga baya cewa da idonsa ya ga kashin a jere da 'yan'uwansa, amma kafin a kammala shirin ɗauko su ya yi ƙafa. Wanda ya ɓata ɗin, kashi na uku ne.